Wace Ce Elizabeth Cotten, Kuma Me Ya Sa Waƙarta Ta Fi Ta Suna?

Tambaya: "Ina koyon jita, kuma darasin farko da aka ba ni na kiɗa da yatsu shi ne waƙar 'Freight Train'. Mai koya mini ya ce tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Amurka, ba a san wanda ya yi ta ba. Daga baya na ga sunan wata Elizabeth Cotten a ƙarƙashinta. Wace ce ita? In ita ta yi waƙar, me ya sa ba a jin sunanta yadda ake jin na su Bob Dylan da Joan Baez?"

Malam, waƙar nan tana da mai ita, kuma an san ta sarai. Elizabeth Cotten ce ta tsara ta, kiɗa da baituka duka, tana 'yar shekara 11 ko 12, a farkon shekarun 1900. Amma kada ka ga laifin malamin naka. Abin da ya faɗa maka shi ne abin da shi ma aka faɗa masa, kuma wannan magana ta "ba a san mai ita ba" ita ce rabin amsar tambayarka ta biyu.

An haife ta a 1893 a gefen garin Chapel Hill da ke jihar Carolina ta Arewa, a unguwar da daga baya ta zama garin Carrboro. Sunan gidansu Nevills. Baƙar fata ce, a jihohin kudu, shekara 28 kacal bayan an haramta bauta a ƙasar, lokacin da dokokin wariyar launin fata da ake kira Jim Crow ke kan ganiyarsu. Yarinya irinta ba ta da zaɓi mai yawa. Ta bar makaranta tun tana ƙarama ta shiga aikatau a gidan wasu turawa, ana biyanta senti 75 a wata, daga baya aka mai da shi dala 1. Da kuɗin nan aka saya mata jitarta ta farko, ƙirar Stella, a kan dala 3 da senti 75. In ka lissafa da albashin farko, gumin wata biyar ke nan cur. Kafin nan banjon yayanta, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, take ɗauka a ɓoye in ya fita. Gidansu kuwa kusa yake da layin dogo, har tana kwance da dare tana jin jiragen dakon kaya suna jan tarago. Daga nan waƙar ta fito. Yarinya ce ke roƙon kada a faɗi jirgin da ta hau, kuma in ta mutu a binne ta inda za ta riƙa jin wucewar jirgin.

Tun da kai mai koyo ne, bari in daɗe a kan hannunta, domin a nan ne ake yawan yi mata rashin adalci ba tare da an sani ba.

Bahaguwa ce. Bahagon da ke son jita yakan yi ɗaya cikin biyu: ko ya tilasta wa kansa kiɗa da dama, ko ya kwance tsirkiyoyin ya sake jera su a juye domin su dace da shi. Ita ba ta yi ko ɗaya ba, domin babu wanda ya koya mata, kuma kayan kiɗan da ta fara taɓawa ba nata ba ne balle ta kwance su. Sai kawai ta juya jitar, wuyan ya koma hannun dama, tsirkiyoyin suna nan yadda suke. Ka ɗauki taka ka gwada yanzu, za ka ga abin da ya faru: tsirkiyoyi masu kauri, masu babbar murya, sun koma ƙasa, sirarar sun dawo sama kusa da fuskarka. Kai da kake kiɗa da dama, babban yatsanka ne ke kaiwa da komowa tsakanin masu kauri yana riƙe da taki, sauran yatsu suna fitar da karin waƙar a kan sirara. Ita nata a juye yake. Manuniyarta ce ke riƙe da takin a ƙasa, babban yatsa kuma shi ke rera waƙar a sama. Yatsu biyu ne kawai suke yawancin aikin.

Wannan ya wuce abin ban mamaki da za a nuna a bidiyo a tafa. Yana canza sautin kansa. Babban yatsa ya fi nama, ya fi nauyi, kuma ƙasa yake bugawa, don haka karin waƙar yakan fito da kauri da taushi, babu wannan tsinin da farce ke bayarwa. Manuniya kuma sama take jan tsirkiya mai kauri, sai takin ya zo da sauƙi, ba ya danne komai. Shi ya sa za ka iya buga kowane sauti da ta buga, ɗaya bayan ɗaya, ba kuskure, amma in ka saurari naka ka saurari nata ka ji ba ɗaya ba ne. Hannun da ke danna tsirkiyoyi shi ma haka: duk tsarin yatsun da ke cikin littafin koyo bai yi mata amfani ba, ita ta gano nata. Masu jita a Amurka sun sa wa salon sunanta, suna ce masa "Cotten picking". Mutane da yawa suna furta sunan salon ba su san sunan mutum suke kira ba.

Ka kuma lura da ginin waƙar da kake koyo. Tana tafiya tsakanin haɗin sautukan da masu jita ke kira C da G kamar dubban waƙoƙi, kunne ya saki jiki, sai kwatsam ta faɗa E kafin ta sauka a F. Wannan E ɗin ba ɗan gida ba ne a C, kuma shi ne ke sa waƙar ta ɗan tsaya maka a maƙoshi. Yarinyar da ba ta taɓa ganin rubutun kiɗa ba ce ta sa shi a wurin. Ba na cewa ita ta ƙirƙiro komai daga babu. Yankinsu, wanda ake kira Piedmont, yana da nasa salon kiɗa da yatsu mai ɗauke da takin ragtime, wani tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka, kuma garin Durham da ke maƙwabtaka da su can ne su Blind Boy Fuller da Gary Davis suka yi zamaninsu. Wasu kaɗe-kaɗenta irin su "Vastopol" da "Spanish Flang Dang" jikokin kiɗan falo ne na ƙarni na 19, wanda ake kunna jita ta wata hanya dabam kafin a buga shi. A cikin wannan ruwa ta tashi. Amma tashi a cikin al'ada daban, rashin zama marubuci daban. Dylan ma a kan tsofaffin karin waƙoƙin Ingila da Amurka ya ɗora da yawa daga waƙoƙinsa na farko, ba wanda ya ce don haka ba nasa ba ne.

To, me ya ɓoye ta?

Ta shiga cocin Baptist tana budurwa, dattawan cocin suka ce mata ta bar waƙoƙin duniya. Ta yi aure a 1910 da Frank Cotten, ta haifi 'yarta Lillie, ta ajiye jita. Ajiyar ta haura shekara 25. Ka dubi shekarun da wannan shiru ya cinye. A 1920 kamfanin Okeh ya fitar da faifan Mamie Smith, ya sayu fiye da zato, kamfanoni suka gane baƙar fata ma suna sayen faifai. Daga nan zuwa farkon shekarun 1930 suka bazama jihohin kudu da na'urori suna ɗaukar mawaƙa. A daidai lokacin ita tana wanke-wanke da goge-goge a gidajen mutane, tsakanin Carolina ta Arewa da New York da Washington. Ko da tana kiɗa ma, da wuya su neme ta. Macen da kamfanonin ke so ita ce mai babbar murya a gaban tawagar makaɗa. Mace mai zama ita kaɗai da jita, irin Memphis Minnie, ɗaiɗaiku ce.

Wannan rashin tsohon faifai ya biyo ta har tsufa, kuma ban cika ganin ana lura da shi ba. Da farfaɗowar kiɗan gargajiya ta zo a shekarun 1960, samarin turawa masu tara tsofaffin faya-fayai ne suka tafi kudu neman muryoyin da suka sani. Haka aka gano Mississippi John Hurt a 1963, aka gano Son House da Skip James a 1964. Waɗannan sun dawo ne a matsayin gwanayen da suka ɓata aka same su, suna da tarihi a rubuce, suna da masoya tun kafin a ga fuskarsu. Ita ba ta da wannan. Ba a neme ta ba. A kicin aka same ta.

Labarin kansa sananne ne. A shekarun 1940, aurenta ya mutu, tana aikin ɗan lokaci a kantin Lansburgh's da ke Washington tana sayar da 'yan tsana. Wata yarinya ta ɓace wa mahaifiyarta a cikin kantin, Cotten ta tsince ta ta mayar da ita. Yarinyar ita ce Peggy Seeger, uwar kuma Ruth Crawford Seeger, shahararriyar mai tsara kiɗa, matar Charles Seeger masanin ilimin kiɗa. Suka ɗauke ta aiki a gidansu. 'Yar autar gidan ce ta kasa furta Elizabeth ta riƙa ce mata Libba, sunan ya bi ta har kabari. Sai da ta ɗauki lokaci a gidan kafin wata rana ta sauko da jitar da ke rataye ta fara lalubo abin da yatsunta suka sani, Peggy ta ji ta.

Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. Amma ni a ganina ya yi mata illa daidai da alherin da ya yi mata. Duk wanda zai gabatar da ita da shi yake farawa, sai mai sauraro ya tashi da hoton 'yar aiki mai sa'a da ta faɗa gidan masu kiɗa. Sa'a tana ciki, ba musu. Sai dai waƙar ta girmi haɗuwar da kusan shekara 40, salon hannun ma haka. Iyalan Seeger ba su ƙara mata ko sauti ɗaya ba. Abin da suka ba ta shi ne kunne da na'ura da hanya.

Hanyar ce kuma ta fara kuɓuce mata. Peggy ta tafi Ingila a 1956 da waƙar a bakinta, tana rera ta a wuraren taruwar mawaƙa a Landan. A lokacin Ingila na cikin zazzaɓin wani kiɗa da ake kira skiffle, wanda samari ke yi da jita mai araha da allon wanki, bayan Lonnie Donegan ya yi kasuwa da wata waƙa da aka sani ta bakin Lead Belly. Tawagar Chas McDevitt ta ɗauki "Freight Train", Nancy Whiskey ta rera, a 1957 ta hau har mataki na 5 a jerin waƙoƙin da suka fi sayuwa a Birtaniya. A shekarar Rusty Draper ya fitar da tasa a Amurka. An ƙara mata baituka aka mai da ita labarin wani mai gudun hukunci, aka yi mata rajista da sunaye biyu, James da Williams, waɗanda sunayen aro ne. Har tawagar Quarrymen ta John Lennon a Liverpool, kafin a san wani abu wai shi Beatles, tana buga ta. Mai waƙar kuwa tana Washington tana guga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka fahimci yadda abin ke aiki, domin ba ita kaɗai ya ci ba. A wancan zamani, waƙar da aka ce ta gargajiya ce ta zama ta kowa. Wanda ya fara gyara ta ya kai ta ofishin rajista da sunansa shi ke karɓar kason mawallafi duk lokacin da aka sayar da faifai ko aka sa ta a rediyo. Saboda haka akwai riba a cikin ɗaukar cewa waƙar talaka ba ta da mai ita, kuma ba a cika wahalar da kai wajen bincike ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne gidan Seeger ɗin ma sun taɓa tsayawa a ɗaya ɓangaren. Pete Seeger, yayan su Peggy ta wajen uba, tawagarsa ta Weavers ta yi kasuwa a farkon shekarun 1950 da "Wimoweh", wadda asalinta "Mbube" ce ta Solomon Linda, ɗan Afirka ta Kudu da ya ɗauke ta a 1939. A kan faifan sunan aro aka sa. Linda ya mutu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 aka sasanta da magadansa. Cotten ta fi shi sa'a domin tana da shaidu masu faɗa a ji a gida ɗaya da ita. Iyalan Seeger suka tsaya mata, aka sasanta, aka mayar mata da haƙƙinta. Amma waƙar ta riga ta zaga duniya babu sunanta a jiki, kuma abin da kunne ya fara ji shi yake riƙewa. Malaminka magajin wannan ne.

Faifanta na farko ya fito a 1958, tana da shekara 65. Mike Seeger, yayan Peggy, shi ne ya ɗauke shi da na'urar tef a ɗakin kwananta, kamfanin Folkways na Moses Asch ya fitar. A 1960 ta fara hawa dandamali, ita da Mike, a kwalejin Swarthmore. Daga nan bukukuwan kiɗa suka fara kiranta, har da na Newport, ta zauna dandamali ɗaya da su John Hurt da Muddy Waters. Peter, Paul and Mary suka rera "Freight Train" a 1963. Grateful Dead da Dylan kansa sun riƙa buga wata waƙarta, "Oh Babe It Ain't No Lie". Duk da haka ba ta bar aikin gida ba sai wajen 1970.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da mutanen da ka ambata. Dylan yana ɗan shekara 20 ya sa hannu da Columbia, ɗaya daga manyan kamfanonin faifai na duniya, ga manaja irin Albert Grossman mai iya ciniki. Joan Baez tana da shekara 21 hotonta ya hau bangon mujallar Time a 1962. Matasa ne suna yi wa matasa waƙa a kan yaƙi da 'yanci da soyayya, a lokacin da matasa ke da kuɗin sayen faifai. Folkways kuwa ƙaramin kamfani ne, ɗakunan karatu da makarantu ne manyan masu sayensa, ba ya tallar rediyo, ba ya biyan abin kirki. Kirkinsa ɗaya ne, kuma babba ne: Asch ba ya cire faifai daga kasuwa ko da mutum biyar ne ke sayensa a shekara, kuma da cibiyar Smithsonian ta karɓi kamfanin a 1987 ta ci gaba da wannan alƙawari. Shi ya sa har yau kake iya samun duk abin da ta ɗauka a wurinsu.

Akwai kuma abin da masoyanta ba sa son a faɗa, ni zan faɗa. Muryarta siririya ce, tsufa ya riga ya taɓa ta kafin a fara ɗauka, wani lokaci tana rawa, wani lokaci ba ta kai inda ta nufa ba. Wanda ya saba da muryar Baez zai iya kashewa a minti na farko. Kundinta huɗu ne kacal a rayuwarta, kuma kaso mai yawa a ciki kiɗa ne zalla ko waƙoƙin coci. Da irin wannan jari ba a zama tauraro, ko da duniya ta yi adalci. Abin da nake ƙorafi a kai ba rashin tauraro ba ne. Ƙorafina shi ne an ajiye ta a sahun masu adana kayan tarihi, alhali mai ƙirƙira ce.

Hujjata ita ce kundinta na biyu, na 1967. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta, "Shake Sugaree", sabuwa ce fil, ta tsara ta tana da shekara 70 da ɗoriya, tare da 'ya'yan jikokinta, da dare lokacin kwantar da su, kowane yaro yana kawo nasa baitin. Zancen talauci ne, mutum ya kai komai nasa jingina, amma an rera shi da fara'a kamar wasan yara, kuma wannan saɓanin ne ƙarfinta. A faifan ma ba ita ta rera ba, Brenda Evans ce, tattaɓa-kunnenta 'yar shekara 12, ita kuma tana bin ta da jita. Wanda ke tuno abin da ya ji a ƙuruciya kawai ba ya yin irin wannan. Kundi na uku ya zo a 1979, shi ma da sababbin abubuwa. Ta ci gaba da yawon wasa har ta haura 90, da kuɗin ta sayi gida a Syracuse, jihar New York, ta koma can da iyalinta.

Girmamawa ta zo, sai dai a makare. A 1984 ta samu National Heritage Fellowship, lambar yabo mafi girma da gwamnatin Amurka ke ba masu fasahar gargajiya. A 1985 ta ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, da kundin wasanninta na gaban jama'a da kamfanin Arhoolie ya fitar, tana da shekara 92, a rukunin gargajiya. Ta rasu a Syracuse ranar 29 ga Yuni, 1987. Sai a 2022, shekara 35 bayan rasuwarta, aka shigar da ita zauren girmamawa na Rock and Roll cikin waɗanda suka share fage. In kana son ganin cewa lamarin ba nata ita kaɗai ba ne, nemi Etta Baker, 'yar jiharsu, ita ma gwanar wannan salo. An ɗauke ta a 1956, ta koma aikin masaƙa da renon 'ya'ya, kundinta na kanta bai fito ba sai a 1991.

Game da koyonka, ga shawarata. Fara da kundin 1958, wanda Smithsonian Folkways ya sake fitarwa a 1989, ka saurari "Freight Train" da "Wilson Rag" kafin ka koma ga rubutun da malaminka ya ba ka. Yawancin rubuce-rubucen koyo sun daidaita waƙar sun goge mata gefe, kowane zagaye iri ɗaya, ita kuwa ba ta buga zagaye biyu daidai da juna. Sannan ka nemi bidiyonta, akwai su da dama, har da fitowarta a shirin talabijin na Pete Seeger na tsakiyar shekarun 1960. Kada ka yi ƙoƙarin kwaikwayon inda take sa yatsu, zai ruɗa ka tun da komai a juye yake. Kuma kada ka juya jitarka. Abin da za ka ɗauka shi ne ma'aunin nauyi: ka sassauta babban yatsanka a kan masu kauri fiye da yadda ka saba, ka buga karin waƙar da naman yatsa maimakon farce, ka kuma rage gudu, domin kusan duk mai koyo yana buga ta da sauri fiye da mai ita.